Sanyi Ne, In Ji Inna Hansai

A gidan Inna Hansai da ke Akokan, duk cutar da ta kama mace daga cibiya zuwa ƙasa sunanta ɗaya ne: sanyi. Ƙaiƙayi sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, in ma mace ta ce tana jin kamar ana hura mata wuta a ciki, to sanyin ne dai ya yi ƙarfi. Maganinsa kuwa yana cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gadonta: bagaruwa, jar kanwa, kanumfari, da wani sassaƙe da ake aiko mata daga Tawa. Ita ce likita, ita ce farmasi, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Siddiƙa matar ɗanta Nomau ce. 'Yar Damagaram ce, shekararta biyu da rabi a gidan, ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, kuma babu abin da take roƙon Allah a sujada kamar haihuwa. Shi Nomau tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan ya koma haƙar zinariya a Cibarakaten, sai ya yi wata huɗu ko biyar bai leƙo gida ba.

Yarinyar nan ta san jikinta. Tun tana budurwa, in al'adarta ta matso, takan ga farin ruwa mai ɗan kauri, ba wari, ba ƙaiƙayi, kwana uku ya wuce. Mahaifiyarta ta ce mata ɗan aiken al'ada ne, kada ya dame ta. Amma wanda ta gani sati uku bayan Nomau ya zo hutun Babbar Salla ya koma, wannan ba ɗan aike ba ne. Rawaya ne yana neman komawa kore, yana da wari, fitsari kuma sai ta cije leɓe kafin ta yi shi.

Kwana biyar tana kokawa da kunya. A na shida ta sami surukarta da hantsi tana tsince shinkafa, ta durƙusa gefe.

"Inna, ba ni da lafiya."

"Mi ya same ki?"

Ta faɗa, kanta a ƙasa, rabin maganar a baki rabi a ciki. Da ta kai kan launin ruwan, sai hannun Inna Hansai ya tsaya cak a cikin faifai. Tambayar da ta fara fitowa daga bakinta kuwa ba "tun yaushe" ba ce, ba kuma "yana miki ciwo" ba.

"Wa kika gaya ma?"

"Ba kowa, Inna. Ke ce ta farko."

"To, ki bar shi nan. Sanyi ne, ɗiyata. Mu da munka haihu tara, wace ce ba ta yi shi ba? Ki daina tsarki da ruwan randa."

Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin bagaruwa. A tafasa, a zauna ciki safe da yamma. Siddiƙa ta karɓa da hannu biyu, har da godiya. Allah sarki, ta ɗauka gata aka yi mata.

Ta zauna a ruwan bagaruwa har fatarta ta yi baƙi. Ta sha kanwa har cikinta ya ɓaci. Al'ada ta zo ta wuce, warin ya ɗan lafa, Inna Hansai ta ce, "Kin gani ko?" Amma wata na zagayowa abin ya dawo da ƙawayensa. Sati guda kafin lokacinta ta fara ganin ɗigon jini baƙi-baƙi, yau ya zo gobe ya ɗauke, har ta rasa ko ta yi salla ko ta bari. Mararta ta yi nauyi, gefen dama yana suka. In ta sunkuya shara sai ta dafa bango kafin ta miƙe.

"Inna, ko in je likita a duba ni?"

"Likita? A kan sanyi? Ki je ki kwanta ki buɗe wa ƙattai jikinki a kan abin da kowace mace ke yi? Kuma ni ba ni ke da igiyarki ba. Ki tambayi mijinki."

Nomau yakan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in ya hau wani tudu inda rezo na waya ke kamawa. Siddiƙa ta ƙirga kwanaki har Juma'a ta zo. Ta shige ɗaki da wayar, ta gaishe shi, ta fara bayani a hankali.

Shiru ya yi, har ta ɗauka layin ya yanke.

"Me Inna ta ce?"

"Ta ce sanyi ne."

"To, kin fi ta sani ne? Ki sha abin da ta ba ki. Ban yarda ki fita ba."

"Wallahi ina jin jiki, Malam. Ko tafiya..."

"Ke, saurara, katina zai ƙare. Akwai abin da ya fi wannan. An ce wani sabon kamfani zai ɗauki tsofaffin ma'aikatan rami, sai mai takardar shaidar aiki. Tawa tana cikin takardun da na bari gida, mai jan hatimi a ƙasa. Ki nemo ta ki ba direban da zai zo ranar Litinin."

Ta nema. Ta zazzage akwatinsa, ta ɗaga katifa, ta duba jakar takardun da ke ɗakin Inna Hansai, tana yi tana riƙe mara. Ita allo ta yi da Islamiyya, ba ta je lakkol ta yi boko ba, saboda haka jan hatimin kawai take nema. Babu shi. Juma'ar da ta biyo baya Nomau bai ko amsa gaisuwarta ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina shiga ƙarƙashin ƙasa, takarda ɗaya kin kasa adana mini! Me kike yi a gidan? Haihuwa ba ki yi ba, ajiya ma ba ki iya ba!"

Ta buɗe baki ta ce masa jikin ya ƙaru. Ya riga ya kashe.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya faru a cikin wata na uku. Fa'iza, autar Inna Hansai, wadda ke aure a cikin garin Arlit, ta zo yini. Suna cikin hira ta ɗan yamutsa fuska, ta raɗa wa uwarta cewa kwana biyun nan tana jin ɗan ƙaiƙayi. Ɗan ƙaiƙayi fa! Ba wari, ba jini, ba ciwo. Ai kuwa Inna Hansai ta zabura kamar an ce gobara.

"Ba a wasa da wurin nan! Mahaifa ce ke kusa. Gobe da sassafe mu tahi matarnite, likitar mata."

Siddiƙa tana bakin murhu, ta ji da kunnenta. Washegari ta yi wanka, ta sa hijabinta, ta tsaya a bakin ƙofa lokacin da adaidaita ta iso.

"Inna, tunda kuna tafiya, in bi ku a duba ni ni ma."

Inna Hansai ta dube ta sama da ƙasa.

"Wa zai tsare gida? Kuma ita mijinta na gari, shi ya ce a kai ta. Ke kuwa naki yana daji wata uku. Matar da mijinta ba ya nan ta tahi likita da ciwon gaba, mi kike so mutane su ce? Daga ina ta samo shi? Ni ina kare miki mutunci, ke kina neman tona wa kanki asiri."

Maganar ta sauka a ƙirjin Siddiƙa kamar taɓarya. Wato in ta nemi magani, mazinaciya ce. Ta koma ciki, ta cire hijabin, ta ninke shi. Kafin azahar su Fa'iza suka dawo da 'yan ƙwayoyi a leda, cikin kwana uku ta warke sarai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka ake cewa. A gidan nan sai an fara duba wace ce ta haifi 'ya macen.

Mutum ɗaya ce ta lura da halin da take ciki, ita ce Dassin, maƙwabciyarsu ta tsallaken katanga. 'Yar Abzin ce, mijinta Mano direba ne, ita kuma ta yi shekaru tana goge ɗakunan likita, wato asibiti, kafin aiki ya tsaya. Hausarta ba ta raba mace da namiji, amma idonta yana raba mai lafiya da marar lafiya. A bakin pampo ta ga Siddiƙa tana jan bido ɗaya na ruwa tana hutawa sau uku.

"Siddiƙa, zo nan. Kai, tafiyarka ba daidai ba. Me yana ciwo?"

Wannan karon kunya ba ta yi kwana biyar ba. Hawaye ne suka fara amsawa, sannan baki. Dassin ta saurara har ƙarshe, ta riƙe haɓa.

"Ji nan. Ni ba lokotoro ba ne, amma na goge ƙasa a gabansu shekara da shekaru, kunnena a buɗe. Farin ruwa kafin al'ada, ba wari, ba ciwo, wannan ba komai. Amma in ya canza kala, in ya yi wari, in jini ya zo ba lokacinsa ba, in mara yana ciwo, wannan ba a zama da shi ko sati ɗaya. In zazzaɓi ya shiga kuwa, gudu ake yi. Wata nawa?"

"Uku."

"La ilaha illallahu! Uku? Mahaifa ba dutse ba ne, yarinya."

Da la'asar Dassin ta yafa mayafi ta shigo gidan da kanta, ta gaida Inna Hansai da ladabi, ta ce Mano yana gari, mota tana ƙofa, ita za ta raka Siddiƙa su je su dawo kafin magariba. Inna Hansai ta ajiye carbinta.

"Sannu, lokotoro mai tsumman goge ƙasa. Gidana ne ko naki? Ɗiyar mutane amana ce a hannuna, ba ta fita ba izinin mijinta. Allah ya hana, Annabi ya hana."

"Allah bai ce a bar mutum ya mutu a ɗaki ba, Inna."

"To malama, mun ji wa'azi. A gaida gida."

Bayan fitarta, Siddiƙa ta sha faɗa har ta gode Allah: ta kai sirrin gida bakin pampo, ta zubar musu da mutunci a unguwa. Daga nan aka hana ta zuwa pampon ma. Sai kuma Inna Hansai ta sauko, ta shiga ɗaki, ta yago wata takarda daga jakar takardun ɗanta kamar yadda ta saba in za ta ƙulla magani, ta zuba sassaƙen Tawa da jar kanwa a ciki, ta nannaɗe.

"Ungo. Wannan shi ne babban. Ko sanyin shekara goma ne sai ya fita."

Ta jiƙa, ta sha. Kwana huɗu tana sha. A na biyar zazzaɓi ya rufe ta, ana zafin Arlit mai narka roba ita tana karkarwa cikin bargo. Inna Hansai ta taɓa goshinta ta ce, "Alhamdu lillahi, magani ya kama, cutar ce ke fita." Ta sa turare ta tafi suna gidan wata ƙawarta.

Rana tsaka Siddiƙa ta rarrafo za ta ban ɗaki. Tsakiyar gida ta kai, wani abu ya soke ta a mara, ta yi ƙara ɗaya ta kife. Ƙarar nan Dassin ta ji. Ba ta yi sallama ba, ba ta nemi izinin kowa ba, ta banko ƙofa ta ƙwala wa Mano kira. Suka ɗauke ta ranga-ranga. Har sun kai mota Dassin ta dawo da gudu, ta ɗauki ƙullin maganin da ke kan tagar ɗaki, don ta san abin da za a fara tambaya ke nan: me ta sha?

Ungozomar likita da ta karɓe su, wadda ake kira Madam Ilham, mace ce mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ta danna marar Siddiƙa a hankali, Siddiƙa ta yi kururuwa. Aka sa mata ruwa, aka yi allurai, aka kira lokotoro ya haska cikin. Sai da ta ɗan dawo hayyacinta Madam ta zauna bakin gadon.

"Tun yaushe?"

"Wata uku da kwanaki."

"Wata uku! Kuna da likita a bakin ƙofa, ba cikin daji kuke ba! Ranar da kika ga ruwan nan ya canza, da kin zo, allura ɗaya da ƙwayoyin sati ɗaya ko biyu sun gama magana. Yanzu cutar ta hau sama, ta tara mugunya a gefen mahaifa. Me aka yi ta ba ki?"

Dassin ta miƙa ƙullin. Madam ta warware, ta shinshina sassaƙen, ta yi tsaki. Har za ta dunƙule takardar ta jefa kwandon shara, sai idonta ya faɗa kan rubutun. Ta kakkaɓe kanwar, ta shimfiɗa takardar a cinya, ta karanta. Ta sake karantawa.

"Yaya sunan mijinki?"

Siddiƙa ta yi nauyin baki, Dassin ta faɗa mata.

"Ya zo gida da Babbar Salla?"

"Ya zo."

"Wa ya ba ki wannan takarda?"

"Surukata ce ta ƙullo magani a ciki. Mene ne, Madam?"

Madam Ilham ta matso kusa da ita. Sannan ta yi magana, muryarta a ƙasa.

"Wannan takarda taki ce, 'yar'uwa. Tun wata huɗu ya kamata ta zo hannunki. Kwana uku bayan Salla mijinki ya je wani ƙaramin likita a cikin gari, aka same shi da ciwon sanyi, irin wanda ake ɗauka wurin kwanciya, aka yi masa magani. Ga sunansa, ga ranar. Sai aka ba shi wannan ya kawo miki. An rubuta a nan: matarsa ta zo a yi mata magani cikin gaggawa, ko da ba ta jin komai."

Siddiƙa ta ƙura wa rufin ɗakin ido. Sanyi. Ashe Inna Hansai ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Sanyi ne. Sai dai kalmar tana da ɗaki biyu, aka zaunar da ita a na waje, aka kulle na ciki. Ta tuna hannun da ya tsaya a cikin faifai. Ta tuna "wa kika gaya ma." Ta tuna shirun Nomau a waya. Ba ta yi kuka ba, abin ya wuce kuka.

A ranar aka sa ta a ambilans zuwa Agadas, Dassin na riƙe da ledar ruwan, hanya tana jijjiga ta kamar za ta raba ta biyu. Aka yi mata fiɗa. Lokotoron da ya yi aikin ya gaya mata gaskiya ba rufa-rufa: an cire hanyar ƙwai ta dama gaba ɗaya, ta hagu kuma ta yi tabo sosai. Rai dai an ceto. Haihuwa kuwa, ya ce ba ya cire mata rai, amma ba zai yi mata alkawari ba. Shekararta ashirin da biyu.

Inna Hansai ta je Agadas sau ɗaya, da kwanon fura da dogon bayani. Duk wanda ya zo dubiya sai ta tare shi: "Ƙaddara ce. Wa ya san gaibu? Ni ba irin maganin da ban ba ta ba. Yaran yanzu ne da zurfin ciki, ba su faɗin ciwo sai ya ci su." Siddiƙa tana kwance tana ji, ta juya fuska bango. Ɗinkin cikinta bai kama ba tukuna, ita kuma maganar da za ta yi tana son a yi ta a tsaye.

Sati uku bayan haka ta dawo Akokan. Nomau ya iso kwana biyu kafin ta. Da hantsi ne, yana zaune kan tabarma yana shan shayi, uwarsa na gefe. Ya yi mata sannu, sannu irin ta wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa. Ko zama ba ta gama yi ba ya ɗauko abin da ke ransa.

"Kin ga abin da fita ba izini ke jawowa, har Agadas. To, Allah ya kiyaye gaba. Ni ma tawa ta same ni, an rufe ɗaukar ma'aikata. Abokaina huɗu sun shiga, ni na zauna saboda takarda ɗaya da kika ɓatar."

Siddiƙa ta sa hannu cikin hijabinta.

"Ga takardarka, Malam."

Ya zabura, har ya zubar da shayi. Ya fizge ta yana murmushi, ya buɗe. Shi ya yi lakkol, layi biyu suka ishe shi. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Kuma maimakon ya dubi matarsa, sai ya juya wajen uwarsa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Inna! Ba na ce ki ƙone ta ba?"

"Na ƙone ta hwa! Ranar da ka tahi, da hannuna na sa ta murhu. Ka ce tana cikin jaka, na ɗauko mai jan hatimin nan..."

"Mai jan hatimi? Inna, ita ce shaidar aikina! Shekara goma sha ɗaya kika sa a wuta!"

"To ni na san boko? Duk takardu ba iri ɗaya ba ne? Kai da ka san ta, mi ya hana ka ƙone abinka?"

"Mota ke jirana! Na ce miki fara, ƙarama!"

Wallahi haka suka yi. Uwa da ɗa suka tsaya suna jimamin takardar aiki, suna ɗaga murya, ya dafe kai, ita tana tafa hannu, a gaban yarinyar da aka farke wa ciki saboda su. Sai da suka yi mai isarsu sannan suka tuna akwai mutum na uku a tsakar gidan.

Siddiƙa ta miƙe, tana dafe da ɗinkinta.

"Ashe kun sani. Dukanku."

"Siddiƙa, tsaya ki ji," in ji Nomau. "Sharrin Shaiɗan ne. Zaman daji, wata biyar ba iyali... Kuma kunya na ji. Da wane ido zan dube ki in faɗa? Na ɗauka maganin Inna zai wanke miki."

"Ni kuwa rufin asiri na nema," in ji Inna Hansai, muryarta ta yi laushi kamar ba ita ba. "In kin tahi da takardar nan likita, garin ga duka sai ya ji. Yaron nan yana limanci a unguwa in ya zo. Kowace uwa haka za ta yi."

"Da Fa'iza ta ji ƙaiƙayi, kwana nawa kika bari ta yi?"

Inna Hansai ta kau da ido, Siddiƙa ta ci gaba.

"Na ce miki ina ciwo, kika ce in na je likita za a ce mazinaciya ce ni. Kin san wanda ya kawo shi, kika ɗora mini. Kai kuma ka sha allurarka ka warke, ka hau tudu kana zagina ban haihu ba."

Nomau ya dubi takardar hannunsa, ya kekketa ta, ya cusa guntayen cikin garwashin shayi. Siddiƙa ta bar shi ya gama.

"Ka ƙone da kyau, kada a sake kuskure. Wannan kopi ce. Ta gaskiyar tana wurin Dassin, ita zan kai wa Babana a Damagaram, shi ya san inda zai kai ta. Tawa takardar kuma, ka rubuto ka aiko."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko jakar da ta zo da ita daga Agadas, ko buɗe ta ba ta yi ba. A waje motar Mano tana jira, za ta kai ta tasha. Inna Hansai ta taso da sauri, tsohuwa da ita, ta riƙe gefen hijabin Siddiƙa, har da hawaye.

"Ɗiyata, don Allah, don Annabi. Abin da ya faru ya faru. Ki rufa mana asiri."

Siddiƙa ta dubi hannun har sai da ya sake ta.

"Ai na rufa muku, Inna. Wata uku kuna ajiye asirinku a cikina, har ya ruɓe, aka yanka aka fitar. Wurin ajiyar ne yanzu babu."

Ta fita a hankali, don har yanzu ba ta iya dogon taku. Dassin ta kama ta ta shigar da ita mota.

Nomau yana da lafiya, garau yake, in ya so gobe sai ya haifi goma. Ba a yanke masa komai ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidaje irin wannan, shi ya ja, ita ruwan ya doka, uwarsa kuma ta riƙe masa lema. Kuma kada wani ya ce jahilci ne. Jahilci ba ya kai Fa'iza matarnite da sassafe. Sun san hanyar likita sarai, sun dai auna ne, suka ga sunan ɗansu ya fi mahaifar 'yar mutane nauyi.

Motar ba ta gama shan kwana ba matan unguwa suka fara leƙowa, kamar yadda aka saba. Wata ta matso ta ce, "Inna Hansai, lafiya amaryarku ta sake fita? Wai me ma ya same ta haka, har da fiɗa?"

Inna Hansai ta share ido da bakin zane, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Sanyi ne," in ji ta.